Yankan tafsiri da ffmpeg: murya na tafiya, hoto ya tsaya

Mai Ɗaukar Tafsiri:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san ffmpeg, manhajar nan ta sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni. Ni nake ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu, kowane zama yana kai kusan awa biyu, kuma kwamiti suna so a riƙa fitar da gajerun yankuna na minti biyar ko shida ana turawa a WhatsApp. Idan na bi ta manhajar editin, rendarin kaɗai, wato sake matse bidiyon, yana cinye batirin laptop kafin a kawo wuta. Aka ce min ffmpeg yana yanka ba tare da rendarin ba. Ga abin da na rubuta:

ffmpeg -i tafsiri.mp4 -ss 00:41:07 -to 00:46:30 -c copy yanki.mp4

Kafin in ɗauke hannu daga kibod ya gama, abin ya burge ni. Amma da na kunna, muryar Malam tana tafiya, allo kuma baƙi ƙirin har kusan sakan 3 kafin hoto ya fito. A wata wayar ma hoton daskarewa yake yi. Mene ne matsalar?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bidiyonka lafiya lau yake. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, bidiyon da aka matse ba jerin cikakkun hotuna ba ne. A tsarin H.264, wanda yawancin wayoyi da kyamarorinmu suke amfani da shi, lokaci-lokaci ne ake ajiye cikakken firam guda, wato cikakken hoto. Duk waɗanda suka biyo bayansa bambanci kawai suke ɗauke da shi: hannu ya motsa nan, leɓe ya buɗe can. Kamar littafin bashin mai shago ne. A saman shafi an rubuta jimillar kuɗi, layukan ƙasa kuma sai "an ƙara ɗari biyu", "an rage hamsin". Idan ka yage saman shafin, layukan ƙasa ba su da amfani har sai ka isa shafin da aka sake rubuta jimilla.

Kai ka ce a yanka a 41:07, kuma a wurin babu cikakken firam. Da yake ka sa -ss bayan -i, ffmpeg ya zubar da duk abin da ya gabaci 41:07, ya fara kwafar sauti nan take, hoto kuma ya jira sai da ya tarar da cikakken firam na gaba. Sauti ba ya da wannan damuwar, domin ƙunshin sauti na AAC guda ɗaya bai wuce kusan milisakan 21 zuwa 23 ba, ko'ina ka yanka zai zauna. Ka mayar da -ss da -to gaban -i:

ffmpeg -ss 00:41:07 -to 00:46:30 -i tafsiri.mp4 -c copy yanki.mp4

Mai Ɗaukar Tafsiri:
Allahu Akbar. Yaya Injiniya ya yi daidai, hoto da murya tare suka fara, kuma daga kan kalmar da nake so. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Edita:
Kada ka yi saurin murna yaro. Injiniya, ka gaya masa sauran maganar. Ni tun zamanin kaset ɗin Mini DV nake wannan aiki, kuma ra'ayina bai canza ba: duk abin da zai fita hannunka zuwa ga jama'a, ka yi masa rendarin. Wannan yankan na -c copy, wato kwafa ba tare da sake matsewa ba, ba yanka ba ne na gaskiya, rufa-rufa ce.

Mai Ɗaukar Tafsiri:
Baba, rufa-rufa kamar yaya? Na kalla da idona, daga 41:07 ya fara.

Injiniya:
Baba yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma dama zan zo wurin. Idan -ss yana gaban -i, ffmpeg yana komawa baya ne zuwa cikakken firam ɗin da ya gabaci wurin da ka nema, ya kwaso daga can, domin in ba haka ba babu yadda za a gina hoton 41:07. To a fayil ɗin MP4 akwai wani ɗan jadawali da ake rubutawa a ciki, wanda yake gaya wa manhajar kallo cewa ta tsallake sakan kaza na farko kada ta nuna. Manhajar da take bin jadawalin za ta fara daga inda kake so. Wadda ba ta bi, za ta nuna komai. Sakannin nan suna cikin fayil ɗin, ba a goge su ba.

Ka duba da kanka inda cikakkun firam ɗinka suke:

ffprobe -v error -select_streams v:0 -read_intervals 40:50%41:30 -show_entries packet=pts_time,flags -of csv=p=0 tafsiri.mp4

Layukan da suke da harafin K su ne cikakku. Idan a Windows kake, ƙara | findstr K a ƙarshe don ya tace maka su kaɗai.

Mai Ɗaukar Tafsiri:
Ga abin da ya fito: 2450, 2460, 2470, 2480. Wato kowane sakan 10.

Injiniya:
To ka gani. 41:07 shi ne sakan na 2467. A yankanka na farko hoto ya jira 2470, shi ne baƙin sakan 3 da ka gani. A na biyu kuma an kwaso daga 2460, wato akwai sakan 7 na maganar Malam a ɓoye a gaban yankin. Tazarar sakan 10 ɗin ma ba abin mamaki ba ce. Manhajar matsewa ta x264 idan ba a canza mata saiti ba tana kai firam 250 kafin ta sa cikakke, mu kuma firam 25 muke ɗauka a sakan. Tana ƙara wasu idan hoto ya sauya gaba ɗaya, kamar an koma wata kyamara, amma tafsiri kyamara ɗaya ce a kafe tana kallon Malam da mai jan baƙi, babu sauyin da zai sa ta ƙara. Shi ya sa bidiyon wa'azi ya fi kowane iri wahalar yanka ta wannan hanya.

Hajiyar Biki:
Salamu alaikum. Injiniya don Allah tsaya, wannan maganar ta tayar min da hankali. Mu da muke ɗaukar bikin mata, kamu da sa lalle da wuni, sau da yawa uwar amarya za ta ce a cire wurin da mata suke zaune babu mayafi kafin a ba dangin ango. Yarinyar da take taimaka min da LosslessCut take cirewa saboda sauri. Kana nufin abin da muka cire yana iya kasancewa a ciki?

Injiniya:
Hajiya, tsakiyar abin da aka cire ya tafi, babu shi. Amma sakannin da suke daf da farkon yankin da aka bari, su ne abin dubawa. LosslessCut ffmpeg ne a ƙarƙashinsa, an dai yi masa fuska mai maɓallai, don haka dokar cikakken firam tana kansa shi ma. Sauƙin da kike da shi shi ne bidiyon da ya fito kai tsaye daga waya ko kyamara yawanci tazararsa gajera ce, sakan ɗaya ko biyu, ba goma ba. Sai dai a irin aikinki ko rabin sakan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiyar Biki:
Wallahi ba ƙarami ba ne. Amana ce aka ba mu, matan aure ne a ciki. Mutum ya tsayar da bidiyo ya ɗauki hoton allo, shi ke nan an shiga uku. Yaya zan gane ko akwai abin da ya ɓuya?

Injiniya:
Hanya biyu. Ta farko don duba fayil ɗin da aka riga aka yanka:

ffplay -ignore_editlist 1 yanki.mp4

Wannan zai kunna shi ba tare da bin jadawalin tsallakewa ba, ki ga ainihin inda ya fara. Ta biyu kuma tun wurin yankan, a ƙara -avoid_negative_ts make_zero a umarnin. Da shi babu ɓoye-ɓoye, duk abin da aka kwaso zai fito fili tun daga sakan na farko, abin da kika gani shi ne abin da yake ciki. Idan kika ga ya fara da abin da ba kya so, sai ki matsa gaba zuwa cikakken firam na gaba ki yanka daidai kansa.

Tsohon Edita:
Ka ji ko? Duk wannan dogon lissafi don a guje wa rendarin na minti nawa? Ni na taɓa ganin haka da idona. An kawo min wani yanki a filashi, a kwamfuta ya fara daidai, da aka sa a talabijin ɗin falo sai ga wata magana ta daban a gabansa. A tafsiri wannan ba wasa ba ne. Malam yana iya kawo maganar wasu don ya warware ta, ya ce "masu wannan ra'ayi suna cewa kaza". Idan wutsiyar wannan jimlar ta maƙale a farkon yankinka babu kanta, mai sauraro zai ɗauka fatawar Malam ce. Mun sha ganin yadda guntun bidiyo yake haddasa rigima tsakanin almajiran malamai. Wanda ya yanka shi ne da alhaki.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Baba, ina girmama maganarka, amma ku da kuke da manyan kwamfutoci kuna mantawa da mu. Ni a salula nake aikin nan gaba ɗaya, cikin Termux, manhajar rubuta umarni a waya, na sa ffmpeg. In na ce zan sake matse bidiyon awa ɗaya, wayar zafi take yi kamar za ta ƙone, batir ya ƙare aikin bai kai rabi ba. Da -c copy kuwa sakan kaɗan ne. Sannan kowane rendarin yana rage kyan hoto. Kyamara ta matse, edita ya matse, ka yanka ka sake matsewa, WhatsApp ma ya zo ya matse nasa. Kafin ya isa ga mai kallo rubutun da ke bangon masallaci ba ya karantuwa.

Tsohon Edita:
Wa ya ce ka matse awa ɗaya? Yankin minti biyar kawai za ka matse. Kuma idan ka sa -crf, wato saitin kyan hoto, a 18 ko 20, na ƙalubalanci kowa a gidan nan ya nuna min bambanci a allon waya.

Injiniya:
A nan Baba ya fi ka hujja, ɗan'uwa na Damagaram. Idan -ss yana gaban -i, ffmpeg ba ya karanta minti 41 na farko, tsalle yake yi kai tsaye, ya buɗe daga 2460, ya zubar da sakan 7 ɗin da gaske, ya matse abin da ya rage:

ffmpeg -ss 00:41:07 -to 00:46:30 -i tafsiri.mp4 -c:v libx264 -crf 20 -preset veryfast -c:a aac -b:a 128k yanki.mp4

Ku lura na sake matse sautin ma, ban sa -c:a copy ba. Idan aka kwafi sauti yadda yake, ragowar maganar da ke gaban wurin yankan tana iya biyo shi ta ɓuya, kuma a tafsiri maganar ce ake gudu, ba hoton ba.

Amma ni ban yarda da Baba cewa kullum sai an yi rendarin ba. Wanda zai raba zaman awa biyu gida huɗu don ya samu ya ɗora a intanet, ko zai cire minti goma na farko da ake gyaran lasifika, me zai sa ya taɓa ingancin hoton? Ya nemi cikakken firam da ya faɗo a inda Malam ya yi shiru, ya yanka a kansa, babu abin da ya ɓuya kuma babu abin da ya ragu.

Ɗalibar Kwamfuta:
Malam Injiniya, tambaya. Ba za a iya haɗa biyun ba? A matse sakan 3 ɗin farko kawai, daga 2467 zuwa 2470, sauran a kwafa, sannan a manne su?

Injiniya:
Ana yi, kuma tunaninki ya yi kyau. LosslessCut ma yana da wannan zaɓin, amma su da kansu sun rubuta cewa na gwaji ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane bidiyon H.264 yana da wasu ƙananan bayanai guda biyu, SPS da PPS, waɗanda suke faɗa wa na'ura yadda za ta warware hoton. MP4 yakan ajiye su sau ɗaya a kan fayil. Guntun da kika matse da kanki nasa daban, wanda kika kwafa nasa daban. Idan kika manne su a MP4 kai tsaye, na'ura za ta ɗauki bayanan guntun farko ta yi ƙoƙarin karanta na biyu da su, sai ki ga hoto ya farfashe ko ya koma kore. Dabarar da ake yi ita ce a fara mayar da kowane guntu zuwa TS, wani nau'in fayil ɗin bidiyo, inda bayanan suke tafiya a cikin zaren hoton kansa, sannan a haɗa. Matatar bayanai (filter) mai suna h264_mp4toannexb aikinta ke nan, kuma ffmpeg na yanzu yana sa ta da kansa idan ya ga TS za a fitar. Ko da haka, wata wayar za ta karɓa, wani tsohon talabijin ya ƙi. Don yankin minti biyar, wahalar ta fi ribar.

Ɗalibar Kwamfuta:
Na gode. Tunda ka ambaci matata, jiya na so in sa tambarin ƙungiyarmu a kusurwar bidiyo tare da -c copy, sai ya ƙi, ya rubuto "Filtering and streamcopy cannot be used together". Amma ga shi kai kana maganar matata a kan bidiyon da ba a warware ba.

Injiniya:
Matata iri biyu ce. Wadda ake kira da -vf tana aiki ne a kan hoton da aka warware: tambari, rubutu, rage girma, gyaran haske. Duk wanda ya taɓa hoton kansa dole a warware a sake matsewa, babu wata hanya. Wadda ake kira da -bsf kuma ba ta buɗe hoton, ƙunshin bayanan take taɓawa daga waje, shi ya sa take tafiya da -c copy. Abin da take iyawa kaɗan ne amma yana da amfani. Misali tsofaffin bidiyon 720x576 da aka ɗauka a faffaɗan allo amma suke fitowa mutane sun yi tsawo sun rame. Ba sai an yi rendarin ba:

ffmpeg -i tsoho.mp4 -c copy -aspect 16:9 -bsf:v h264_metadata=sample_aspect_ratio=64/45 gyararre.mp4

Na sa -aspect don ya gyara a kan fayil, matatar kuma ta gyara a cikin zaren hoton, saboda wasu manhajojin wannan suke dubawa wasu kuma wancan. Akwai kuma filter_units, wadda take cire wani nau'in ƙunshi ɗungurungum. A H.264 kowane ƙunshi yana da lamba: 5 cikakken firam, 6 ƙarin bayani, 7 da 8 su ne SPS da PPS. Idan ka rubuta filter_units=remove_types=6 ka cire ƙarin bayanan, har da rubutun fassara da wasu tashoshin talabijin suke cusawa a ciki. Kada dai wani ya yi gangancin cire 7 da 8.

Tsohon Edita:
Wannan na gyaran faɗin hoto ban san shi ba, kuma ina da tsofaffin ayyuka da yawa masu wannan matsalar. Zan gwada. Amma a kan yankan abin da za a watsa, ina nan a kan bakana.

Hajiyar Biki:
Ni ma a wannan ina bayan Baba. Na duba uku daga cikin na makon jiya da umarnin da Injiniya ya bayar, biyu lafiya, ɗaya akwai ɗan guntun da bai kai sakan ɗaya ba, kuma Allah ya taimaka bango kawai ya nuna. Daga yau duk wurin da aka ce a cire saboda sutura, rendarin za a yi, ko zai kwana yana yi. Sauran wuraren kamar rage tsawon rawa ko cire lokacin cin abinci, a ci gaba da yankan sauri.

Injiniya:
Hakan ya yi Hajiya. Ki ƙara -map_metadata -1 a duk wanda aka ɗauka da waya. Wayoyi da yawa suna rubuta wurin da aka ɗauki bidiyo a cikin fayil idan an kunna musu wannan saitin, kuma -c copy ba ya goge shi da kansa. Idan aka tura a matsayin fayil ba a matsayin bidiyo ba, yana isa hannun mai karɓa yadda yake, da adireshin gidan mutane a ciki.

Ɗan Damagaram:
To ni da waya ce kawai makamina, mene ne mafita? Ina da karatuttukan da nake rabawa kashi-kashi kullum.

Injiniya:
Idan raba dogon karatu kake yi ba tare da damuwa da daidai kalma ba, bar ffmpeg ya zaɓi wuraren da kansa:

ffmpeg -i karatu.mp4 -c copy -f segment -segment_time 600 -reset_timestamps 1 kashi%02d.mp4

Zai raba kusan minti goma-goma, kowane kashi ya fara a kan cikakken firam, ƙarshen wannan shi ne farkon wancan, babu abin da ya ɓata ko ya maimaitu. Idan kuma murya kawai mutanenka suke buƙata, -vn -c:a copy zuwa fayil ɗin m4a ya wadatar, ya fi sauƙin data nesa ba kusa ba, kuma a nan kana iya yanka a duk inda ka so.

Mai Ɗaukar Tafsiri:
Na karanta komai. Yankunan da za a tura WhatsApp zan yi musu rendarin kamar yadda Baba ya ce, na gwada ɗaya da veryfast kuma batirin ya ɗauka. Tambayata ta ƙarshe Yaya Injiniya: babban fayil ɗin da nake fitarwa kowane dare, akwai yadda zan rage tazarar sakan 10 ɗin tun daga tushe?

Injiniya:
Akwai. Idan da ffmpeg kake fitar da shi, ƙara -g 50, wato cikakken firam kowane sakan 2 a bidiyo mai firam 25. A manhajojin editin ma akwai wurin a saitin fitarwa, ka nemi inda aka rubuta tazarar cikakken firam ko GOP. Fayil ɗin zai ɗan ƙara nauyi, musamman irin naka da kyamara ba ta motsi, don haka ka gwada a zama ɗaya ka kwatanta girman kafin ka mayar da shi ƙa'ida. Kuma ka ajiye ainihin abin da ya fito daga katin kyamara har a gama azumi, domin shi tazararsa ta fi gajarta, idan kwamiti suka nemi wani yanki daga baya daga can ya fi kyau ka ciro.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, %02d ɗin nan haka zan rubuta shi ko lamba zan sa a wurin?

Injiniya:
Haka za ka rubuta shi, shi zai sa lambobin da kansa: kashi00, kashi01, kashi02. Idan kana so ya fara daga 1, ƙara -segment_start_number 1 kafin sunan fayil ɗin.